Makullan Mutane da Na Riƙe a Ka

Birnin Ƙonni, ranar Talata

Zuwa ga 'yata, mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Uwata. Ina gaishe ki gaisuwar uba, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a tafiyar da za ki yi ranar Asabar, ya sauke ki Tawa lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum. Amin.

Na san abin dariya ne mutum ya rubuta wasiƙa ga wanda suke gida ɗaya. Tsakanin ɗakina da naki ko taku goma babu. Amma yau sati uku ke nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu: ki durƙusa ki ce ina kwana, in ce lafiya lau, ki miƙe ki tafi. Innarki ta gaji da kai saƙo tsakaninmu, jiya ta ce mini ita ba gidan waya ba ce. Ni kuma na san kaina. In na zaunar da ke don in ba ki haƙuri, kafin in kai tsakiya na koma yi miki faɗa. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ina buro, ofishinmu, yanzu. An ɗauke wuta tun da hantsi, fanka ta tsaya, riga ta manne mini a baya. Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa. Na tashi na leƙa titi, na dawo na nannaɗe wayoyin da tun jiya a nannaɗe suke, na duba salula na ajiye, na sake dubawa. Zama ya gagare ni, kuma ba zafi ne ya hana ni ba.

Za ki tafi ki buɗe naki wurin, ke da Zali ƙawarki ta lakwal, ku riƙa kula wa 'yan kasuwa da ordinatocinsu, wato kwamfutoci, yadda muka yi ni da ke a nan shekara shida. Ban hana ba, ba kuma zan hana ba. Sai dai na san abin da ya ɗaga ki. Kin ƙulla a ranki cewa ubanki bai yarda da ke ba, tunda duk shekarun nan bai taɓa ba ki kod ɗin sirri na buɗe babbar na'urar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda muke yi wa aiki ba. Ba na so ki hau mota da wannan a ciki. Wurare goma sha ɗaya ne a hannunmu, daga nan Ƙonni zuwa Malbaza har Badaguishiri, kuma makullinsu duka a kaina yake, babu a takarda, babu a wurin kowa. A kan wannan nake rubuto miki. Amma ki bar ni in bi ta doguwar hanya. In na faɗi ta ƙarshen tun yanzu ba zan iya faɗin sauran ba, sauran kuwa za su yi miki amfani a Tawa.

Bari in fara da Alhaji Mamman, mai manyan motocin nan na ɗaukar siminti a Malbaza. Ke da furfura kika san shi. Ni na san shi tun yana da mota huɗu da buro ɗaki ɗaya mai rufin kwano. Shi ne mutum na farko da ya ce in riƙa kula masa da na'urorinsa dindindin, ba gyaran rana ɗaya ba. Na haɗa masa sarba, babbar na'urar da sauran ke ɗebo komai daga cikinta: wace mota ce, wane direba, ina ta nufa, yaushe takardunta za su mutu. Na sa ya sayi diski na biyu, na ce kullum za a riƙa zuba kwafin komai a ciki. Ya nuna sarbar da carbinsa ya ce, "To in wagga ta ƙone hwa?" Na bugi ƙirji na ce ko ta ƙone ba abin da zai ɓata. Sai na ɗora diskin a kan sarbar, na jona su a wuta ɗaya, don wurin ya yi kyan gani.

Damina ta biyu, wata rana da la'asar, hadari ya taso daga gabas, aradu ta faɗi a kan turken wuta na bakin titi. Su biyun suka tafi tare. Da na isa, warin ƙonanniyar roba ne ya tare ni tun daga ƙofa. Wata biyu muka yi ni da akawunsa muna zazzage tsofaffin takardu daga buhuna muna sake bugawa ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu gama, jandarma sun tsare masa mota biyu a hanya da kaya a kai, saboda takardunsu sun mutu ba wanda ya sani. Na jira ya kore ni. Bai kore ni ba, ya dai dube ni ya ce, "Malam Ibro, ni ban yi boko ba, amma takardun gidana ba ɗaki guda nike aje su ba."

Don haka, Uwata, kwafi ya kwana a wani gini daban. Kuma kada ki ce akwai kwafi don kin ga 'yar fitila tana ƙiftawa. Kowane wata ki buɗe shi da hannunki, ki ciro takarda ɗaya ki karanta ki tabbatar. Na san kin san wannan, an koya muku a lakwal, har kin taɓa yi mini gyara a kai na ɓata rai. Abin da ba a koya muku ba shi ne yadda bakin mutum yake cika da kansa a gaban babban mutum, don tsoron kada a ce bai iya ba. In aka tambaye ki in kaza ya faru fa, kada ki yi saurin amsa. Ki je ki duba, ki dawo ki faɗi abin da kika gani.

Akwai wani ƙarami da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina gyara wa wani ɗan kasuwa na'ura, na ga wasiƙar da yake rubutawa ta neman hayar wani shago a Illela. Da yamma a fadarmu ta abokai, ana shan shayi ana hira, bakina ya suɓuce na ce wane zai faɗaɗa zuwa Illela. Don dai a san ina shiga manyan wurare. Kafin sati ya zagayo wani da ke zaune a wurin ya riga shi shagon. Mutumin bai taɓa sanin ta inda maganar ta fita ba, har ya rasu yana gaishe ni da hannu biyu. Aikin nan zai kai idonki inda ko matar mutum ba ta gani. Abin da kika gani a na'urar wani ki bar shi a kan kujerar da kika zauna, ko Zali kada ki ba labari in ba aiki ne ya kawo ba.

Wanda zan faɗa yanzu ya fi ba ni kunya, don waɗancan wauta ce, wannan kuwa da gangan na yi. Akwai wata Madam Rabi, sakatariyar wata ƙungiyar masu lambu a Badaguishiri. Ba ki riske ta ba, kina karatu a lokacin. Ta kira ni wata safiya ta ce injin buga takardu ya ƙi, ga shi manoma sun cika ƙofa suna jiran takardar rabon irin albasa. Da na tambaye ta abu biyu a salula da an gama. Ban tambaya ba. Na hau moto na yi tafiyar da ta kusa awa biyu, na isa na leƙa bayan tebur, na ga waya ce ta zare, mai shara ya taɓa ta da tsintsiya. Na kare da jikina na mayar da wayar. Sannan na zauna na buɗe baƙin allo ina ta buga rubutun da ni kaina na san ba ya yin komai, ina girgiza kai, ina tsaki, har kusan awa guda, manoma na tsaye a rana.

Ta ce, "Mushe Ibro, mi ya same shi?"

Na ce, "Madam, abu na mai wuyar bayani."

Sau huɗu na yi wannan tafiyar a shekara ɗaya, kowane zuwa da irin tsakin da nake yi. Rannan na biya ta wurinsu ba ta kira ni ba. Ta kawo mini ruwa, ta zauna tana murmushi, ta ce, "Mushe, ciwon nan mai wuyar bayani ya sake tashi shekaranjiya. Na duƙa na maida wayar. Na ce ma mai shara shi bar bayan tebur, ni ka share shi." Na sha ruwan nan na tashi na tafi. Da shekara ta juyo suka ɗauki wani, ban kuma ga laifinsu ba.

Me ya sa na yi haka? Na daɗe ina tambayar kaina. Ni ɗan ƙauye ne daga bayan Dogarawa, ban yi dogon karatu ba. A shagon buga takardu na fara taɓa ordinatar, sauran duk da ɓata na mutane na koya. Kullum gani nake ranar da suka gane aikin nan, ranar za su gane ni ba kowa ba ne. Sai na riƙa ɓoye hannuna. Ke kina da takardarki, amma Tawa baƙon wuri ne a gare ki, kuma tsoron kada a daina bukatar mutum yana kama mai takarda ma. In abu ƙarami ne ki ce ƙarami ne. Ki kira sakatariya ki nuna mata, ki sa ta yi da hannunta sau biyu a gabanki. Za ta daina kiranki a kan waya da tsintsiya, amma ranar da babban abu ya lalace sunanki za ta faɗa wa maigidanta.

Na sake tashi. Salula ce ta yi ƙara, ashe mai sayar da tawada ne. Bari in zauna in shiga maganar kod, na isa kewaye-kewaye haka nan.

Ranar da na haɗa wa Alhaji Mamman sarbarsa ta biyu, bayan ta aradu, na kulle ta yadda in an kashe an kunna ba za ta buɗe ba sai an buga kod. Na ɗauko takarda zan rubuta masa. Ya ture hannuna ya ce, "Mi za ni yi da takarda? In ka rubuta, yara na gani, direbobi na gani. Kai ka sa shi, kai ka riƙe shi. Amana ta na ba ka." Kin san mutanenmu. Babban mutum in ya ce ka riƙe masa abu, to a ka ake riƙewa. Ka ce sai an rubuta, kamar ka ce masa ɗayanku zai ci amana ne ko ɗayanku zai mutu, kuma duka biyun ba a faɗa wa Alhaji a buronsa. Na ninke takardar ba komai a ciki na sa aljihu. Gaskiya daɗi na ji, duk hanyar dawowa kaina a kumbure yake.

Daga nan abin ya zama al'adata. Duk wanda na haɗa wa na'ura, ko bai ce in riƙe ba sai in riƙe. Don kada wani ya yi hasashe ya dace, sai na koma garken babana. Kakanki yana da shanu a hannun wani Bafillace, kowace da sunanta, tun ina yaro na haddace su. Na raba wa mutane shanun gwargwadon halinsu. Alhaji na ba shi jan bijimin nan mai tunkuyi. Hajiya Balki mai farmasi ta bakin kasuwa na ba ta wata saniya mai haƙuri wadda kowa ke iya tatsa. Wani mai otel da ya cika mita na ba shi wadda ke kuka ba dalili. In na zauna gaban na'urar mutum ina bugawa sai in yi dariya a ciki, shi yana tsaye yana ganin na yi fuskar aiki. Da shanu suka ƙare na shiga gonaki da rijiyoyin ƙauyenmu. Kowace shekara in canza, in ƙara lamba a gaba, in juya wani harafi, in karɓe saniyar wannan in ba wancan. Ina ji da wannan dabara ƙwarai, na ce duk Ƙonni babu mai fasa ta.

Allah ya nuna mini, na ƙi gani. Shekarar da kakanki ya rasu na tafi ƙauye zaman makoki, lokacin babu rezon salula a can sai mutum ya hau tudu. Wuta ta ɗauke a Ƙonni ta daɗe, sarbar Hajiya Balki ta mutu, da aka kunna ta nemi kod. A cikinta ake ganin wane magani ya rage, wanne ya kusa lalacewa, wane mai ciwon suga ne yake karɓar wane iri. Kwana uku suna nemana. Da na dawo na buɗe ta cikin ƙiftawar ido, na juyo ina jira a yaba mini. Hajiya ta yi mini ta'aziyya tukuna, ta yi wa mamaci addu'a, sannan ta ce, "Ibro, kwana ukku muna bada magani da ka. Wata tsohuwa ta zo, ba mu san wane munka saba ba ta ba, sai da munka maishe ta gida ta ɗauko kwalin. Wanga karo babanka ya rasu. In da kai na hwa?"

Na ce mata ta yi gaskiya, gobe zan kawo mata a rubuce cikin ambulan. Goben nan yau shekara tara ke nan. Ta tuna mini sau biyu, na yi kunnen uwar shegu, ta gaji ta bari. Na riƙa ce wa kaina amana nake karewa. Ƙarya nake yi. Muddin makullin yana kaina babu mai iya sallamata yadda su Madam Rabi suka yi, wannan ne abin da nake karewa.

Uwata, kod na mai na'ura ne, ba naki ba. Ranar da kika sa shi, ranar za ki rubuta, ki rufe a ambulan, ki danƙa wa mai wurin a gaban wani nasa da ya yarda da shi. In babban mutum ya ture hannunki, ki rusuna ki ba shi haƙuri ki sake miƙawa. Ki ce ya sa a cikin takardun gidansa. Zai ji haushi kwana biyu ya manta. Zali ma ta san inda komai yake, ke ma ki san nata, kada ɗayarku ta yi zazzaɓi aikin mutane ya kwanta tare da ita.

Saura ranar Malbaza, sati ukun da suka wuce. Kina wurin, amma zan faɗe ta yadda kika gan ta, don ki san na san abin da na yi miki. Kin je ja wa su Alhaji sabuwar waya zuwa ɗakin direbobi. Mai gyaran wuta ya kashe komai bai yi shawara da kowa ba, sarba ta tashi ta nemi kod. Motoci shida sun yi lodi suna jiran a buga musu takardar hanya. Kika kira ni.

Kika ce, "Baba, ga ni gaban sarba. Hwaɗa min kod ɗin, aikin minti biyat na."



Kika sake cewa, "Baba, kana jina?"

Na ce, "Ki jira, ina zuwa."

Kika ce, "Daga Ƙonni?"

Na kashe salula.

Kin zauna kusan awa guda a gaban Alhaji da akawunsa da direbobi, suna tambayar ki ko ba ki iya ba ne. Na iso, na ja kujera, na ce miki, "Juya bayanki." A gaban kowa na faɗa. Kika juya kika fuskanci bango kamar 'yar lakwal da aka hora, mace mai shekara ashirin da bakwai wadda ta fi ni sanin na'urar nan nesa ba kusa ba. Na buga, ta buɗe. Wani direba ya yi dariya. Alhaji bai yi ba, ya ce, "Malam Ibro, wagga hwa ɗiyarka ta." Ba ki hau bayana a moto ba, kika tafi tasha kika shiga motar haya. Washegari kika gaya wa innarki za ki Tawa.

Ga abin da ba ki gani ba. Lokacin da kika ce in faɗa miki, na buɗe baki zan faɗa. Wallahi zan faɗa, na riga na gaji da riƙon. Sai na tarar babu. Ina ganin bijimin a idona, ja, ƙahonsa na hagu a karye, har inda yake kwanciya a gindin gawo ina gani. Sunan ne ya tafi. Na tsaya a tsakiyar buron nan da salula a kunne, gumi na zuba, sai na ce ina zuwa. Duk hanyar Malbaza ina kiran sunayen shanu da ƙarfi a kan moto, masu wucewa na kallona, ba ko ɗaya da ya zauna. Fatana ɗaya, in na ɗora hannu a kan madannai yatsuna su tuna abin da kai ya manta. Na ce ki juya ne don kada ki ga gazawar ubanki in abin ya ƙi. Yatsun suka tuna. Da na ga ta buɗe, maimakon in ja ki gefe in gaya miki, sai na miƙe ina gyara hula kamar na yi abin kirki. Na gwammace ki ɗauke ni mugu da ki san na fara mantuwa. A duk shekarun da na yi a aikin nan wannan ne mafi munin abin da na aikata, kuma ke na yi wa. Ki yafe mini.

Ba ranar ya fara ba. Tun daminar bara nake ajiye abu in rasa, in shiga ɗaki in tsaya ina tunanin abin da ya kawo ni. Na je asibiti a ɓoye, ko innarki ba ta sani ba. Likita ya ce hawan jini ne da na daɗe ina wasa da shi, ya ba ni magani, ya ce in je Yamai a duba kan da kyau. Na tambaye shi ko zai tsaya a nan ko zai ci gaba, ya ce bai sani ba. Kin ga shi da duk karatunsa ya iya faɗin haka. Ni shekara goma sha bakwai ina aikin nan ban iya ba. Ki saba wa bakinki tun yanzu: ban sani ba, ban iya ba, na manta, a ba ni zuwa gobe. Ban taɓa ganin wanda aka kora don ya faɗi ɗaya daga cikinsu ba.

Jiya Litinin na je farmasin Hajiya Balki, na ce duba na'ura na zo yi. Kaina na je gwadawa. Na zauna, na ɗora hannu, na jira. Yatsun ma suka yi shiru. Na gwada abin da nake zato sau biyu, ta ƙi, na janye hannuna. Sarbar tana aiki yanzu don a kunne take, masu sayar da magani suna shiga cikinta da nasu ƙananan kod ba su san komai ba. Amma ranar da ta mutu aka kunna, shi ke nan, kwafin ma da kod ɗin nan na kulle shi. Batiran Hajiya su ke riƙe ta in wuta ta ɗauke, kuma sun tsufa, ni na san sun tsufa. Da aka ɗauke ta yau na ɗauki injin wutarmu na buro na kai mata na jona, na ce don zafin nan ne. Ta yi ta godiya. Shi ya sa nake zaune ba fanka, duk ƙarar da salula ta yi sai in ɗauka Hajiya ce. Ta tambaye ni jiya ko komai lafiya, na ce lafiya lau. Har jiya ƙarya na yi mata.

Ga abin da nake roƙo, kuma roƙo ne, ba umarni ba. Ba cewa nake ki fasa Tawa ba. Ki tafi, wurin nan ya yi miki kaɗan tun tuni, ni ne na ƙi faɗa. Kwana uku suka rage miki, su nake so ki ba ni. Gobe da safe zan je in gaya wa Hajiya da bakina cewa abin da ta tambaye ni ya zo ban shirya ba. Tun na'urar tana kunne ana iya kwashe abin da ke cikinta a zuba a wata. Ke kin iya wannan, ni yanzu tsoron hannuna nake ji. Alhamis mu yi Malbaza, Juma'a Badaguishiri, na cikin gari mu cusa su a tsakani. A kowane wuri zan zauna in bar yatsuna su yi abin da suka iya, ke kuma ki tsaya a kaina ki zuba ido. In ta buɗe ki karɓi kujera ki sa sabon kod, ki rubuta, mu danƙa wa mai shi a hannu.

In zuciyarki ba ta sauka ba, ba zan riƙe ki da komai ba, kina da gaskiya. Zan yi zagayen ni kaɗai, in sa kowane mai wuri ya tsaya a bayana da biro. Alhaji ajami kaɗai ya iya, amma zai zana haruffan yadda ya gan su. Goma zan iya haka, in Allah ya sa yatsun ba su gudu ba. Na Hajiya ne ba ni da dabararsa sai ke. Ana buɗe farmasi ƙarfe takwas. Zan tsaya a bakin ƙofa, ba zan shiga ba sai takwas da rabi.

Allah ya yi miki albarka, Uwata, ko kin zo ko ba ki zo ba. Ya tsare ki a hanyar Tawa, ya tsare ki a ɗakin da za ki kwana da buron da za ki buɗe. Ya sa mutane su amince da ke, ya ba ki ikon mayar musu da amanarsu tun kina da ƙarfi. Ya dawo mana da ke lafiya duk ranar da kika so zuwa. Ki gaishe mini da Zali. Na bar ki a hannun Allah.

Mahaifinki,
Ibro